Fansar Lantana a Wuyan Soja

Asabar, 1 ga Sha'aban 1262, bayan azahar

Na ce ba zan sake rubutu ba, ga shi ina yi. Shekara goma sha ɗaya rabona da alƙalami, tun shekarar tawayen bayi Musulmi, lokacin da duk baƙin mutumin da aka samu da rubutun Larabci a birnin nan na Bahiya, ko bulala ko jirgin kora daga ƙasar. Amma abin da ke cina ba ni da wanda zan faɗa wa. Takardar nan a cikin cikon tsohon sirdi za ta riƙa kwana.

In na mutu wani ya farke sirdin, to, Idirisu baduku ne ya rubuta, wanda Nasara ke kira Joaquim, mai riƙon adashin fansa na mutum ashirin da uku.

Jiya 'yan sintiri suka tare ni a Água de Meninos, unguwar bakin ruwa. Ba su doke ni ba. Ina ma dukan suka yi.

Lahadi, 2 ga wata, la'asar

Ranar zubi. Kowa ya zo da abin da ya samu, na karɓa, na yi wa kowa tsaga a ɗan karansa na gora. Haka muke yi tun da muka bar rubutu: tsaga ɗaya milreis ɗaya na kuɗin ƙasar nan, karan kuma yana hannun mai shi. Wanda kwanansa ya zo, a haɗa nasa da rancen jama'a a fanshe shi daga hannun ubangijinsa.

Kwanan Lantana ne. Matar Isma'ila ce, abokina da ya faɗi a bakin ruwan nan shekarar tawaye. Shekara tara tana soya ƙosai a dandalin Pelourinho, ta kai wa uwargijiyarta kuɗin mako, ta kawo mana ragowar. Karanta na tsaga guda tara ne, a ɗaure da jan zare. Uwargijiyar, Dona Eufrásia ta unguwar Vitória, ta yarda da milreis ɗari huɗu da tamanin, amma a kawo kafin ashirin da biyu ga wata. Banki ya matsa mata kan bashin marigayi mijinta. In ba a kawo ba, akwai dillalin da ke loda bayi zuwa birnin Rio, ya riga ya taya ta.

Lantana ta kawo mini ƙosai a ganye, ta ce, "Malam Idi, yau ko tsokanata ba ka yi ba. Lafiya?"

Na ce mura ce.

Ta ce, "Mura a wuya? Tun ɗazu hannunka na wuyanka."

Na sauke hannun. Ƙosan yana nan, ban ci ba.

Litinin, 3 ga wata, hantsi

Bari in rubuta shi sau ɗaya, in huta.

Bara da aka buɗe bankin nan mai koren ƙofa a ƙasan gari, jama'a suka ce a kai kuɗin can. Akwati a ƙarƙashin gado ya gaji da mu. Bincike ya yi yawa, tagullar jabu ta cika kasuwa, kuɗin takarda kuma gara ta ci mana na milreis goma sha biyu a damina ɗaya. Na kai ɗari shida da arba'in. Magatakardan bankin, Sinyo Belmiro, ya ce iri biyu ne. Akwai ajiya da suna, wadda ke haihuwar ruwa duk wata shida, amma sai farar fata ya tsaya mini. Akwai kuma takardar da ba suna, ba ruwa, duk wanda ya miƙa ta shi za a biya. Na ce ni ba na cin ruwa, a ba ni ta biyu. Har daɗi na ji a raina, na hau tudu ina ganin na tsare addinina.

To ina zan ajiye takarda mai daraja haka? Ni baduku ne ɗan baduku. A gidanmu a Zazzau, takardar da ake ji da ita ninke ta ake yi, a naɗe da zare, a ɗinke cikin jar fata, a rataya a wuya. Hannuna ne ya yi, kaina bai shiga ba. Na bi ɗinkin da kakin zuma saboda ruwan sama.

Ranar Juma'a 'yan sintirin suka ce a buɗe riga. Wani saurayi a cikinsu ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya ce layar Musulmi ce. Babbansu ya ce in gode wa Allah bai kai ni gaba ba. Na gode.

Talata, 4 ga wata, bayan azahar

Na je banki. Layi har bakin titi, masu rake da masu jiragen ruwa, kowa fuska a murtuke. An ce farashin sukari ya faɗi a ƙasar Ingilishi, bankin yana kiran bashinsa. Ban gane duka ba. Na tsaya a gefe hula a hannu har wurin ya yi sauƙi.

Belmiro ya gane ni. Ba mugun mutum ba ne, ya taɓa kawo mini takalmi gyara. Na ce takardata ta ɓata.

Ya ce, "Joaquim, takardar ita ce kuɗin."

Na ce, "Sinyo, kai ka ƙirga su da hannunka. Har ka ware tagulla bakwai ka ce jabu ne."

Ya ce ya tuna. Ya buɗe babban littafi ya nuna mini lambar, ga ta nan, ɗari shida da arba'in, ba suna a gabanta. Ya ce sai a buga sanarwa a jarida, a jira wata shida, a kawo shaidu biyu masu gidan kansu, sannan manya su zauna. Sai ya tambaye ni a ina ta ɓata, ta yaya, don za a rubuta.

In ce soja ya ƙwace a matsayin laya? Sanarwar da za ta ceci kuɗin ita za ta kai ni jirgi, ta kai bincike ɗakin mutum ashirin da uku. Na ce a kasuwa ta faɗi.

Na tambaye shi, to kuɗin namu suna cikin akwatin ƙarfen can? Ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba. Ya ce kuɗi ba sa kwana a banki, fita suke yi aiki. Wasu na gonar rake, wasu na cikin jirgi. Ban tambayi wane jirgi ba. Na san abin da jiragen garin nan ke ɗaukowa, a cikin ɗaya na zo.

Laraba, 5 ga wata, asuba

Ruwa tun jiya. Majayi ɗaya na ɗinka, na farke shi.

Alhamis, 6 ga wata, bayan la'asar

Ya shigo shagona. Shi, saurayin mai wuƙa. Sunansa Tibúrcio, linzami ya kawo gyara. Da ya sunkuya rigarsa ta buɗe, sai ga ta a wuyansa, a sabuwar igiya. Ɗinkina. Ko a duhu na san shi.

Na zauna.

Bai ji kunya ba. Ya ce babbansu ya ce a ƙona, shi kuma ya ɓoye, don kowa ya san layar Musulmi tana tare harsashi. Ya ciro ta yana juyawa, ya kira ni Mestre, yadda suke kiran mai sana'a, ya ce, "Mestre, me kuke rubutawa a ciki? So nake in farke in gani."

Yaron nan ya iya karatun Nasara, na gan shi yana karanta allon shago. In ya farke, gobe da safe yana bakin koren ƙofa. Sai na ji bakina yana cewa, "Kul. Wanda ya buɗe ta ba ya kai mako. Kada ka buɗe, kada ka cire ta daga wuyanka ko wurin wanka, kada ka bari hannun wani ya taɓa ta."

Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya mayar da ita cikin riga da sauri.

Bayan ya tafi na yi hamdala. Har na ce a raina, Idirisu, ashe da sauran wayonka.

Asabar, 8 ga wata, hantsi

Na yi wata iri ɗaya. Fata ɗaya, zare ɗaya, girma ɗaya, na goga mata mai da ƙasa ta tsufa. A ciki ba komai sai farar takarda. In ya zo karɓar linzami zan ce fatar na buƙatar kaki, in juya baya, in musanya. Aikin ƙiftawar ido ne.

Yau na ci abinci.

Lahadi, 9 ga wata, magariba ta kusa

Zubi. Milreis goma sha ɗaya da 'yan tagulla. Na yi tsaga, na yi tsaga.

Lantana ta ce ta sayi yadi, fari, za ta ɗinka zanen da za ta sa ranar karɓar takardar 'yanci. Kuma za ta sayi takalmi, don a garin nan bawa ba ya sa takalmi. Ta miƙo ƙafa ta ce, "Auna, Malam Idi. Kuma kada ka yi mini irin na sojoji, ni ba doki ba ce."

Na auna da zare. Tafin ƙafarta duk faso. Yahaya, shugaban masu ɗaukar mutane a kujera su haura da su tudu, ya ce yaushe za a ɗauko kuɗin? Na ce layi ya yi yawa a banki, sai ya lafa. Ya daɗe yana kallona.

Talata, 11 ga wata, azahar

Ya zo. Na ba shi linzami, na ƙi karɓar kuɗin aiki. Na ce layar na son kaki, ya ba ni minti kaɗan.

Ya ja da baya, ya dafe ƙirji. Ya ce, "Mestre, kai ka ce kada in cire. Kai ka ce kada wani ya taɓa."

Na ce ban da wanda ya yi ta.

Ya ce a'a. Ranar Asabar doki ya yi harbi a barikinsu, ya karya wa na kusa da shi haƙarƙari, shi ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Ya ce gwada shi nake yi, kuma ya ci gwajin. Yana dariya yana buga kafaɗata.

Na ce zan saya. Milreis biyar. Goma. Na kai ashirin, duk abin da na mallaka ke nan. Da na ce ashirin sai dariyar ta tsaya, ya zura mini ido. Ya ce, "Me ke ciki haka?" Na ce na mahaifina ce. Ya ce Allah ya ji ƙan mahaifina, amma ko ɗari ba zai sayar ba.

Da bakina na kulle ƙofar nan. Ba wanda ya taya ni.

Laraba, 12 ga wata, asuba

Saura kwana goma.

Juma'a, 14 ga wata, bayan la'asar

Na faɗa wa Yahaya. A bayan shago, a tsaye. Bai zage ni ba, kuma zagin na so. Ya cire hula ya share fuska, ya ce, "Malam, laya? A garin nan? Bayan abin da muka gani?"

Na ce ba laya ba ce.

Ya ce, "Je ka faɗa wa soja."

Ya ce yana da samari huɗu, kowanne na ɗaga Bature mai tumbi ya hau tudu da shi bai numfasa ba. Lungu ɗaya ya ishe su su ƙwato ta. Na ce hannun baƙi a wuyan soja igiya ce, kuma ba wuya ɗaya za ta ci ba. Tibúrcio ya san wanda ya taya ashirin. Kafin azahar suna shagona, kafin la'asar suna ɗakin kowa. Yahaya ya mayar da hularsa. Ya san gaskiya ce, ya ji haushina don gaskiya ce.

Muka ƙirga abin da za a iya tarawa. Nawa ashirin, zubin mako biyu ashirin da uku, Yahaya bakwai. Ko kuɗin hannunta ɗaya bai kai ba.

Ya ce, "Ita fa?"

Na ce gobe.

Asabar, 15 ga wata, magariba

Ban je ba. Na yanka fatar takalminta.

Litinin, 17 ga wata, bayan azahar

Na hau Vitória. Dona Eufrásia ta bar ni na tsaya a bakin matakala. Ta rame. Babu agogon bango a zauren, sai shatinsa a farar ƙasa. Na roƙe ta wata shida. Na ce kuɗin na nan, a banki suke, takarda ce ta sami matsala.

Ta ce, "A wane banki?" Na faɗa. Ta yi wata irin dariya. Ta ce su ne suka aiko mata wasiƙa ta uku, in ba ta biya ranar Asabar ba gidan za su ɗauka. Ta ce da so samu ne Lantana ta 'yantu, shekara goma sha tara tana gidan, ita ta wanke gawar mijinta. Amma banki ba ya karɓar da so samu.

Na sauko ina lissafi kamar mahaukaci. Bankin na riƙe da kuɗin Lantana. Bankin na bin uwargijiyar Lantana. Littafi ɗaya ne, wataƙila shafi biyu tsakaninsu. Na koma wurin Belmiro na ce ya ɗebe daga nan ya zuba can, ba sai kuɗi sun fita ƙofa ba. Ya ce ya fahimta sarai. Ya ce in wani ya shigo gobe da takardar fa, wa zai biya shi? Ya ce amanar banki ke nan, ba a duba fuska, takarda ake dubawa, shi ya sa ma ni baƙi na iya ajiya. Ni ma mai riƙon amana ne.

Talata, 18 ga wata, la'asar

Na faɗa mata. A gindin kaskonta, mai na tafasa, mutane na wucewa. Na zaɓi wurin ne don kada ta yi kuka, ko don kada ni in yi, ban sani ba.

Ta ci gaba da juya ƙosai har na gama. Ta kwashe, ta sallami wani mai jira, ta ba shi canji daidai. Sannan ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce kwana goma sha takwas.

Ta ce, "Da ka auna ƙafata, ka sani?"

Na ce na sani.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Isma'ila ya ce mini in ya mutu in bi shawararka, kai ne mai hankalin cikinsu." Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Ta ce in nuna mata sojan. Na ce don me? Ta ce tana so ta gani da idonta.

Ina son matar nan. Shekara goma sha ɗaya ban faɗa wa kowa ba, har ita. Na ce a raina sai ta sa takalmi tukuna, kada a ce na saye ta da kuɗin jama'a.

Laraba, 19 ga wata, hantsi

Na je bariki da niyyar in faɗa masa gaskiya, in ce ya ɗauki ɗari ya bar mana sauran. Na tsaya a tsallaken titi. Na gan shi yana wanke doki yana waƙa. Albashinsa na shekara uku ne a wuyansa. Wa zai ɗauki ɗari alhali duka na hannunsa, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a ɗaure ni? Kuɗin ba na Lantana kaɗai ba ne. In na yi shiru, bayan wata shida wataƙila mutum ashirin da biyu su ga nasu. In na yi magana, wataƙila ba wanda zai ga ko tagulla.

Wataƙila. Na dawo da wataƙila biyu.

Alhamis, 20 ga wata, asuba

Ruwa. Na gama takalmin.

Asabar, 22 ga wata, bayan isha'i

Dillali ya biya ɗari biyar da goma. Dona Eufrásia ta kai banki kafin a rufe. Belmiro ne ya ƙirga.

Talata, 25 ga wata, bayan azahar

Jirgin Rio ya yi lodi da hantsi. Su goma sha huɗu, ba sarƙa, igiya ce a kugu. Na je da Yahaya. Sojoji uku aka sa tsaron gadar jirgin. Ban yi mamaki ba da na ga ko wane ne na tsakiya. Na daina mamaki.

An yi zafi, Tibúrcio ya buɗe wuyan riga.

Lantana na sanye da farin zanen. Na miƙa mata takalmin, yaron dillali ya ce a'a, kaya ba sa sa takalmi. Ta ce in riƙe. Ta ciro karanta tara daga ƙugu ta damƙa mini, ta ce, "In banki ya biya, a sa wa Uwani. Ita ke bina a layi, kuma tana da ciki. Kada ɗan ya fito bawa."

Na ce zan aiko Rio, zan nemo ta, wata shida ba nisa. Ta ce, "Malam Idi, ba Rio za a bar mu ba, gonar kofi ce, can ciki. Bar shi."

Layin ya motsa. Da ta zo daidai da Tibúrcio sai ta tsaya. Ban nuna mata shi ba, ba sai na nuna ba. Ta dubi wuyansa, tsakaninta da abin bai kai kamu biyu ba. Shi kuma ya ɗaga mini hannu yana murmushi, ya taɓa layar, wai in ga yana kula da ita.

Ta juyo ta ce mini da Hausa, a hankali, kamar muna bakin kasko, "Ɗinkin ya yi kyau. Ko ruwa ba zai shiga ba."

Aka ja igiyar.

Alhamis, 27 ga wata, azahar

Na biya jarida kuɗin sanarwa. An rubuta cewa a kasuwa ta faɗi. Belmiro ya ce saura shaidu biyu masu gidan kansu. Ban san ko ɗaya ba.

Lahadi, 1 ga Ramadan, la'asar

An ga wata. Ranar zubi ce, na buɗe shago na zauna da wuƙar tsaga. Na ɗauka ba wanda zai zo. Mutum goma sha shida suka zo. Ba wanda ya gaishe ni da suna, ba wanda ya ce a canza mai riƙo. Uwani ta ajiye tagullarta, ta miƙo kara, na tsaga. Ta dubi takalmin da ke rataye a ƙusa, ta ce na sayarwa ne?

Na ce an riga an auna shi.